Ido, Wa Ka Raina? Hoton Yau da Kullum a Fadan Kagoma da Kafanchan

Masu iya magana sun ce an tambayi ido, "Ido, wa ka raina?" Ya ce, "Wanda nake gani kullum." Wannan karin maganar ce ta faɗo mana a rai ranar da muka zauna a gindin wani mangwaro a Fadan Kagoma, inda wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya sa jikarsa ta ɗauko masa wani gwangwanin biskit da tsatsa ta ci bakinsa, ya buɗe, ya zazzage mana hotuna a kan tabarma. Babu sarki a cikinsu, babu gwamna, babu Bature. Ga mata uku suna tsaga citta a gindin rumbu. Ga 'yan makaranta sun yi layin safe ƙafa ba takalmi. Ga mai gyaran keke ya kife wani Raleigh yana duba sarƙa, kare na kwance a gefensa. Dattijon nan bai taɓa cin ko sisin kwabo da kyamara ba. Sha'awa ce kawai ta sa ya riƙa gutsurar wani abu daga albashinsa yana sayen fim, yana ɗaukar abin da kowa ke gani kullum, wanda ba a ɗauka ya kai a tsaya a dube shi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun irin waɗannan hotuna a wannan yanki na kudancin Jihar Kaduna, tun daga zuwan Turawa har zuwa zamanin wayar hannu. Abin da muke son nunawa shi ne, kyamara shaida ce mai ɓangare. Gilashin da ke gabanta yana da halinsa, fim ɗin da ke cikinta yana da nasa, kamar yadda kowane marubuci yake da salonsa. Mai riƙe da ita kuma yana da abin da ya zo nema. Duk wanda zai karanta tarihinmu a hoto, wajibi ne ya san halin waɗannan uku.

Ƙasar da mutanenta

Fadan Kagoma tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, a kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi. Ita ce mazaunin Kpop Gwong, sarkin al'ummar da Hausawa ke kira Kagoma, su kuwa suna kiran kansu Gwong. Ƙasa ce ta duwatsu da jar ƙasa da wadatar ruwan sama, ƙasar citta da acca da doya. Ko da yake kowace al'umma a nan tana da harshenta, Hausa ce harshen kasuwa da tasha da majami'a, musamman bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ita ma kalmar "fada" da ke gaban sunan garin ta isa shaida. Saboda haka da Hausa ake cewa "a ɗauke ni hoto", da Hausa ake kai fim "wanki", da Hausa kuma ake kiran baƙin fim ɗin nan da ake wanko hoto daga jikinsa "dodon hoto", don fuska takan fito fara a cikinsa, haƙora baƙaƙe. A ƙasar da kalmar "dodo" take nufin abin da kakanni ke girmamawa a kurmi, wanda mata da yara ba sa gani, wannan suna ba ƙaramin nauyi gare shi ba.

Wanda ya nemi hotunan wannan gari a jaridu, mafi yawan abin da zai ci karo da shi na mako ɗaya ne: makon da aka binne Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda aka haifa a nan a 1948, ya hau mulkin jiha a 2010, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012. A wannan makon manyan kyamarori sun cika garin. Da aka watse suka bi iyayen gidansu, garin ya koma hannun waɗanda suke ganinsa kullum. Haka abin yake ga Kafanchan: ba a cika tunawa da ita ba sai hayaƙi ya tashi.

Ba za mu wuce ba sai mun ambaci cewa zana fuska ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Ƙauyen Nok yana nan kusa da Kwoi, kuma shahararren kan yumɓun nan da ake kira Kan Jama'a, wanda ya kai hannun Bernard Fagg a Jos wajen 1943 zuwa 1944, an tono shi ne a wurin haƙar kuza, har wani akawu ya kafa shi a gonar doya ya yi masa aikin mutum-mutumi. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, masu hannu a nan sun riga sun yanke shawarar yadda suke so a ga fuskarsu.

Idon baƙo

Ilimin da aka gina kyamara a kansa tsoho ne. Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Masar tsakanin 1011 da 1021, ya bayyana yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a kife. A 1839 aka bayyana hanyar kama wannan sura a Faransa. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da Kodak. A 1900 ya fito da Brownie, wadda ake sayarwa dala ɗaya. Daga nan hoto ya fita daga hannun ƙwararru. Wannan kuwa ya zo daidai da lokacin da Turawan Ingila ke cin ƙasar Arewa, don haka 'yan sha'awa na farko da suka ɗauki hoto a yankinmu hafsoshi ne da jami'an mulki.

Wanda ya fi barin sawu a cikinsu shi ne Manjo A. J. N. Tremearne, haifaffen Ostareliya, wanda ya yi aiki a Jama'an Daroro a 1908 da 1909, lokacin tana ƙarƙashin Lardin Nasarawa. Mu ɗaliban adabi muna bin sa da godiya ta wani ɓangare, domin ya tattara tatsuniyoyin Hausa ya buga a 1913. To amma a 1912 ya fitar da wani littafi a Landan game da Kagoro da maƙwabtansu, ya raɗa masa suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wato masu wutsiya, mafarautan kawuna. "Wutsiyar" kuwa ba komai ba ce illa wani ado na zare da igiya da matan aure suke ɗaurawa a ƙugu ta baya, alamar aure, kamar dai yadda wasu ke sa zobe. Littafin cike yake da hotuna, kuma wanda ya dube su da natsuwa zai lura da abu biyu.

Na farko ya shafi mai ɗauka. Mutanen da ke cikin hotunan irin waɗannan littattafai a jere suke, wani ya fuskanto, wani ya ba da gefe, wata ta juya baya don a ga adonta. Ba su da suna. Sunan ƙabila kawai ake rubutawa a ƙasa, kamar yadda ake yi wa ganye a littafin kimiyya. Shi Tremearne har ma'aunin kai ya ƙirƙira don auna ƙoƙon kawunan mutane. Kada kuma a manta cewa jami'in da ke riƙe da kyamarar shi ne mai karɓar haraji, shi ne ke rakiyar sojoji idan an fita sintiri. Wanda aka ce ya tsaya a gaban irin wannan mutum, ba a tambayi yardarsa ba, kuma ɗaurewar fuskar da muke gani ba lalle halinsa ba ne.

Na biyu ya shafi kayan aikin, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Faranti da fim na wancan zamani suna ganin shuɗi sosai, wasu suna ganin kore, amma makafi ne ga ja. Duk abin da ke da ja a jikinsa baƙi yake fitowa. Fatarmu kuwa, komai duhunta, akwai ja a cikinta. Ga jar ƙasa, ga jan bangon ɗaki, ga man ja da jan garin da ake shafawa don ado. Sai fim ya haɗa su duka ya mayar da su duhu ɗaya, sararin sama kuma ya fito fari fat babu gajimare, duwatsun nesa su narke cikin hazo. Mai kallo a Landan sai ya ga baƙaƙen surori a ƙasar da ba ta da sama ba ta da nisa, ya ɗauka haka Allah ya yi wurin. An fara sayar da faranti mai ganin dukkan launuka tun 1906, amma yana da tsada da wuyar wanki, don ba ya jure ko jar fitila. Fim ɗin Verichrome da 'yan sha'awa suka fi amfani da shi daga 1931 makaho ne ga ja, sai a 1956 aka maye gurbinsa da Verichrome Pan. Ke nan kusan dukkan zamanin mulkin mallaka, da idon da ba ya ganin launinmu aka dube mu.

'Yan mishan na SIM, waɗanda suka buɗe tasha a Kwoi a 1910, su ma sun yi ta ɗaukar hoto suna aikawa gida don masu ba da gudummawa su ga aiki. Nasu sun fi kusanci da mutane, ana samun suna a wasu, amma su ma labari ɗaya suke son bayarwa: ga yadda muka same su, ga yadda suka zama.

Akwati a kan ciki

Kyamarar dattijonmu na Fadan Kagoma Brownie ce, irin akwatin nan baƙi mai marfin ƙarfe da ake ƙerawa a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bai kamata a raina ta ba. Da irinta Seydou Keïta na Bamako ya fara, bayan kawunsa ya ba shi ita a 1935, irinta J. D. 'Okhai Ojeikere ya saya a 1950, shi da daga baya, tun daga 1968, ya ɗauki hotunan kitson matan Nijeriya kusan dubu. Su sun mai da abin sana'a har duniya ta san su. Malamin firamare da akawun En'e da ma'aikacin asibiti kuwa sun tsaya a sha'awa, kuma su ne abin maganarmu.

Ga yadda halin wannan akwati yake. Gilashi ɗaya tal gare ta, mai ɗan lanƙwasa kamar farce. Tsakiyar hoto takan fito tsaf, amma gefe-gefe sai ya yi laushi, kusurwoyi su ɗan yi duhu. Ba a murɗa ta don daidaita nisa. Duk abin da ya matso ƙasa da taku uku ko huɗu dishi-dishi zai fito. Ƙyaurenta yakan buɗe ya rufe cikin kimanin kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, don haka tana bukatar rana sosai, kuma ba ta iya tsai da abu mai saurin motsi. Naɗin fim ɗaya hoto takwas yake bayarwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan raunuka ya bar tabonsa a tarihi, kuma dattijon ya bi mana su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba da labarin halin tsohon abokinsa.

Ya ce umarnin da ke jikin kwalin fim shi ne mai ɗauka ya ba rana baya. Idan kuwa ya ba ta baya, wanda ake ɗauka ya fuskance ta ke nan. Shi ya sa za ka ga iyayenmu a tsoffin hotuna sun runtse ido sun haɗe gira. Jikoki su ce mutanen da ba sa fara'a, alhali rana ce ta kudancin Kaduna take dukan idonsu. Da ya gane haka sai ya daina bin kwali, ya riƙa jiran hantsi ko la'asar, ko ya tsai da mutum a bakin inuwa inda hasken farin bango ke dawowa kan fuska.

Ya kuma nuna mana yadda ake riƙe ta: a kan ciki, mai ɗauka ya sunkuya yana leƙa wani ɗan madubi ta sama. A nan ne ya faɗi abin da ba mu taɓa karantawa a wani littafi ba. Ya ce, "Malam, da wannan akwatin ina iya ɗaukar surukina, don kaina a sunkuye yake. Da aka kawo wadda ake karawa a ido, sai na ji kamar ina zare wa babba ido." Bugu da ƙari, tun da gilashin yana daidai cibiya ne, daga ƙasa yake duban mutum, sai kowa ya fito da tsawo da kwarjini. Hoton jami'in mulki yakan dubi mutum kamar kayan da aka baje. Na malamin nan yana dubansa kamar yadda yaro ke duban babba.

Sai batun motsi. Akwai wani hoto na mata biyu suna daka, jikinsu ya fito sarai amma taɓaren sun zama kamar hayaƙi. Ya ce ranar da hoton ya dawo daga wanki ya yi baƙin ciki, yana ganin ya yi asarar ɗaya cikin takwas. Yanzu kuwa shi ya fi so, domin idan ya dube shi har lugude yake ji a kunnensa.

Amma raunin da ya fi yi wa tarihi amfani shi ne rashin iya matsowa kusa. Tun da dole mai ɗauka ya ja da baya, ba fuska kaɗai ke shiga hoto ba. Mutum yakan shiga da tsawonsa duka, da tufarsa, da ƙafarsa, da duk abin da ke bayansa: rumbu mai hular ciyawa, dangar kara, tulu a kan gammo, rufin kwano na farko a unguwa, itacen da tuni aka sare. Babu wanda ya yi niyyar ɗaukar waɗannan. Gilashi mai arha ne ya tilasta su shiga. Mai binciken da ke son sanin yaushe kwano ya kori jinka, ko yaushe atamfa ta zama tufar kullum, a bayan mutanen nan zai duba. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950 ta rubuta rayuwar tsakar gida da littattafan tarihin sarakuna suka tsallake. Abin da waɗannan gwangwanaye suka adana ke nan, sai dai su ba wanda ya zauna da su tukuna.

Tasha da shago

Fim ba ya wanke kansa, kuma a nan ne Kafanchan ta shigo. Layin dogo na gabas da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da reshen Jos a wannan wuri a 1927, sai ƙauye ya zama mahaɗa. A 1933 Sarkin Jama'a ma ya dawo da mazauninsa nan. Jirgi ya kawo Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauran jama'a, ya kawo kantuna, ya kuma kawo masu hoto na sana'a, waɗanda a garuruwan jirgi na Arewa akasarinsu 'yan kudu ne. Wurinsu ɗan sha'awa ke sayen fim, wurinsu yake kai wanki, ko ya ba wani mai tafiya Jos ya jira makonni. Da rikicin 1966 ya kori Ibo daga garin, har da wannan sana'a a cikin abin da ya girgiza.

Hoton shago daban yake da na ɗan sha'awa. A shago akwai labule mai zanen bene ko jirgin sama, akwai furen roba da rediyo da ake ara wa mutum ya riƙe. Mutum yakan je ne a ɗauke shi yadda yake fatan zama. Ba mu raina wannan ba, domin fata ma tarihi ne, kuma karon farko ke nan da talakan wannan ƙasa ya zaɓi yadda za a gan shi. Sai dai labule yana rufe gari. Wanda ke son ganin tashar Kafanchan lokacin da take tasha, da injin gawayi yana huci, da masu tallan lemo da dafaffen ƙwai suna bin tagogi, sai ya nemi ɗan ma'aikacin jirgin da ya ari kyamarar babansa. Ba wanda ya zaci wannan hada-hadar za ta zama labari, sai da harkar jirgi ta durƙushe, ciyawa ta rufe layuka.

Launi da fata

Daga shekarun 1970 ƙananan kyamarori masu hoto 24 ko 36 suka yawaita: Yashica, Pentax, da Zenit ta Tarayyar Sobiyat, wadda ɗalibai masu dawowa daga karatu can sukan shigo da ita. Gilashin Zenit da ake kira Helios yana da wata ɗabi'a: idan aka buɗe shi duka, ganyayen da ke bayan mutum sai su murɗe kamar guguwa. Wani abokinmu a Kafanchan da ya gaji irinta ya ce shekara da shekaru yana zaton lalacewa ta yi, har ya kai ta gyara. Yanzu ga shi matasa a Turai suna neman wannan gilashi ido rufe saboda wannan murɗewar.

Da fim mai launi ya zo, sai tsohuwar matsala ta dawo da sabuwar riga. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanki wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, don su daidaita injinsu da launin fatarta. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a 2009 cewa daga cikin abin da ya sa aka gyara fim ya iya rarrabe launuka masu duhu har da koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launi daban-daban. Ga kuma ma'aunin haske da ke cikin kyamara, wanda farar riga ke ruɗa shi ya rage haske. Duk wanda ya halarci biki a wancan zamani ya san sakamakon: farar rigar amarya ko babbar rigar ango ta fito da kowane zare, fuska kuwa sai ido da haƙori. Mu kanmu muna da irin wannan tabo. Hoton ƙarshe da aka ɗauki kakarmu, ranar wata Sallah, haka ya dawo daga wani shagon wanki, mayafinta fes, fuskarta kamar an shafe da gawayi, kuma ba a sake samun wata damar ba. 'Yan sha'awa masu lura sun koyi yi wa injin gardama: su ƙara buɗe gilashi fiye da yadda ma'auni ya ce, ko su auna hasken a bayan hannunsu. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, fim ya yi tsada, da yawansu suka rataye kyamara, sai ranar biki ko ranar Afan a Kagoro ko Tuk Ham a Kwoi. Wato dai aka koma ɗaukar ranar da ba ta kullum ba.

Abin da wuta ta ci

A watan Maris na 1987 rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, a 1999 aka sake yi a Kafanchan, a Afrilun 2011 kuma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, kasuwar garin ta ƙone tare da gidaje masu yawa. Ana ƙidaya rayuka, ana ƙidaya shaguna, kuma haka ya dace. Ba a ƙidaya albam. Amma mun zauna da mutane daga kowane ɓangare waɗanda suka ce bayan rai, abin da ya fi yi musu ciwo shi ne ba su da sauran hoton mahaifi ko mahaifiya.

Asarar ta wuce ta gida ɗaya. Hotunan rikici suna nan a jaridu, ba za su ɓata ba. Waɗanda ke ƙonewa su ne na ƙungiyar ƙwallon unguwa, da na 'yan aji ɗaya, da na maƙwabciya da ta zo suna da ƙwaryar hatsi a ka, wato shaidar cewa an taɓa zama tare ba tare da kowa ya ɗauke shi abin mamaki ba. Yaron da aka haifa bayan an raba unguwanni, idan aka gaya masa haka yana iya musu. Gani kuwa ya kori ji. A ganinmu, Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu, ya kamata su ɗauki gwangwanin biskit da muhimmancin da suke ba fayil ɗin Razdan.

Waya a kowane hannu

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, kuma cikin shekaru kaɗan kowa ya zama mai hoto. Kamfanin Kodak da kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2012. An sami ci gaba na gaske ta fuskar fata: masu ƙera Tecno sun yi suna da daidaita kyamararsu don baƙar fata, Google ma ya fito da nasa gyaran a 2021. Marigayi Biyi Bandele, marubucin da aka haifa a Kafanchan a 1967, ya rasu a 2022, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana yawo a titunan Legas yana ɗaukar masu talla da masu dako, abin da ke nuna cewa idon marubuci da na ɗan sha'awar hoto abu ɗaya suke farauta.

Sai dai ita ma waya tana da halinta. Gilashinta mai faɗin gani ne: abin da ke kusa yakan kumbura, na nesa ya ƙanƙance. Shi ya sa hanci ke girma a hoton da mutum ya ɗauki kansa, shi ya sa kuma dutsen Kagoro, wanda ke cika ido idan ka tsaya a gabansa, yake fitowa kamar tudun shuri. Tana kuma goge fuska, ta share tsaga da tamoji, wani lokaci ta ƙara haske ba a roƙe ta ba. Abin da ya fi damun mu shi ne dabarar nan da matasa ke so, wadda ke fito da mutum tsaf ta narkar da duk abin da ke bayansa. Brownie ta cusa gari cikin hoto ba da niyya ba. Waya tana goge shi da gangan. A 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna ta halaka gonaki masu ɗimbin yawa, shanyar da aka saba gani a kan duwatsu da bakin hanya ta yi ƙaranci a wannan kakar. Wanda ya ɗauki 'yarsa a gaban shanya a shekarar da ta gabaci wannan, ya kuma bar wayar ta narkar da bayan, ya riƙe fuskar ya zubar da citta. Ga kuma rashin tabbas: hoto dubu a waya, ta faɗa ruwa ko a sace ta, shi ke nan.

Kafin mu tashi daga gindin mangwaron, jikar dattijon ta riƙa ɗaukar tsoffin hotunan da wayarta ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna rubuta sunayen da ya tuna a bayan kowanne da fensir. Muka zo kan na masu tsaga citta. Ya faɗi sunan mata ukun ba tare da jinkiri ba. Amma a can gefen dama, inda gilashin Brownie ke yin laushi, akwai wata mace ta huɗu tsaye da ƙwarya a ka, rabin jikinta ya fita daga hoton. Ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya ce bai san ta ba, bai ma taɓa lura tana ciki ba.

Aka kira matarsa daga madafa. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ba ta ko dubi fuskar ba, don babu fuskar da za a duba. Tsayuwar ta duba, da yadda aka ɗora ƙwaryar. Ta ce ai Bafillatanar nan ce mai kawo nono daga ruga kowace safiya, wadda ta yi musu zaman jego lokacin haihuwar ɗansu na fari. Ta faɗi sunanta, da sunan mijinta, da shekarar da suka tashi. Muka rubuta a bayan hoton, a ƙarƙashin sauran ukun.